Babi na Bakwai: Gurbin Keke a Tsarin Sufurin Jami'a

Tsarin sufurin jami'a yana amsa tambayoyi uku ne: ta wace hanya ɗalibi da ma'aikaci za su iso harabar makaranta, yaya za su riƙa zirga-zirga tsakanin gine-ginenta, kuma ina za a ajiye abin hawan da ya kawo su. A taswirar yawancin jami'o'in Najeriya, da mota ake amsa tambayoyin duka. Ana zana titi mai faɗi daga babbar ƙofa zuwa ginin majalisar jami'a, a keɓe filin ajiye motoci a gaban kowace tsangaya, a tanadi tashar bas, sauran kuwa a bar wa ƙafa da 'yan kabu-kabu. Keke ba ya shiga lissafin, alhali shi ne abin hawan da mafi yawan ɗaliban karkara suka fi sani, kuma shi kaɗai ne mai taya da aljihunsu zai iya ɗauka.

Gundumar Gidan Katta, a ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, ta isa misali. Yanki ne na bakin iyaka, daura da Birnin Ƙwanni ta Jamhuriyar Nijar, inda keke bai taɓa fita daga rayuwar yau da kullum ba duk da yawan babura. Da shi ake kai taki gona, a ɗauko jarkokin ruwa, a ɗaure buhun gero ko albasa a kariya a nufi kasuwar Illela ranar Lahadi. Yaron da ya tashi a nan kan iya keke tun ƙafarsa ba ta kai feda daga kan sirdi ba, ya iya yin faci, ya iya mai da sarƙa idan ta zame. Mutanen yankin sun kuma ɗanɗani tsadar mai kafin sauran ƙasa, domin a watan Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, a lokacin da iyakokin ƙasa ke rufe. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000 a wurare da yawa.

Idan ɗan Gidan Katta ya sami gurbin karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, zai bi hanyar Gwadabawa da Kware, tafiyar kimanin kilomita 85, ya iso Sakkwato ya bar kekensa a gida. Dalilinsa a fili yake: bai san inda zai ajiye shi ba, ba shi da tabbacin zai same shi idan ya fito daga lacca, kuma ya riga ya ji cewa ɗan jami'a ba ya hawa keke. Daga ranar ya zama mai biyan kuɗin abin hawa a kan tafiyar da a garinsu kyauta yake yin ta.

Siffar jami'ar da tazarar da ke cikinta

An kafa jami'ar a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, cikin jerin jami'o'in tarayya da aka kafa a wannan shekara, aka kuma sauya mata suna a 1988 don tunawa da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Kamar Jami'ar Bayero mai tsohon mazauni da sabo a kan hanyar Gwarzo, da Jami'ar Ahmadu Bello mai Samaru da Kongo, ita ma a rarrabe take: akwai mazaunin cikin gari, akwai asibitin koyarwa, sannan ga mazaunin dindindin a yankin Dundaye, can ƙetaren fadamar Rima. Masu tsara jami'o'in wancan zamani sun yi aikinsu ne a lokacin da kuɗin mai ya yi yawa, fili kuma ba ya tsada, sai suka warwatsa gine-gine a makeken daji da tunanin kowane malami zai mallaki mota, ɗalibai kuma bas za ta riƙa kwasarsu. Cikin filin jami'ar da kewayensa har yau akwai ƙauyuka da gonaki, kuma ɗalibai da dama a nan suke kama hayar ɗaki.

Wannan siffa ta haifar da tafiya iri biyu, kuma kuskure ne a haɗa su a magani ɗaya. Ta farko doguwa ce, daga cikin gari zuwa mazaunin dindindin ta Kwalkwalawa. Hanya ce da ta dogara da gada, kamar yadda ambaliyar watan Satumban 2010 ta nuna, lokacin da ruwa ya cinye gadar ya raba jami'ar da gari, aka koma shiga jirgin kwale-kwale ko dogon zagaye. Wannan tafiya ta bas ce, kuma ba za a sa ran ɗalibi ya yi ta a keke cikin zafin watan Afrilu ba. Ta biyu gajeriya ce amma ita ta fi yawa: daga ɗakin kwana zuwa ɗakin lacca, daga nan zuwa laburare, zuwa masallaci, zuwa wurin cin abinci, zuwa asibitin makaranta, a dawo. Mai tafiya a ƙasa kan ci kilomita 5 a awa ɗaya, mai keke kuwa 12 zuwa 15 ba tare da ya wahala ba. Tazarar kilomita 3 da za ta ci wa mai ƙafa kusan minti 40 a rana tsaka, mai keke zai gama ta cikin kwata. A wannan tafiya ta biyu ce keke ya fi kowane abin hawa dacewa, domin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba kwari, ruwan sama kuma bai wuce watanni huɗu ba.

Lissafin fili da kuɗi

Masu tsara birane suna ware wa mota ɗaya wuri mai faɗin mita 2.5 da tsawon mita 5. Idan aka haɗa da hanyar shiga da ta juyawa, kowace mota kan ci murabba'in mita 25 zuwa 30. Filin motoci 100 ya kai rubu'in hekta ke nan, kuma filin da aka shafe da kwalta ko aka jera wa bulo yana tara zafi da rana, yana hana ruwan sama nutsewa. A gurbin mota ɗaya ana jera kekuna 8 zuwa 10. Wato idan tsangaya ta sadaukar da gurabe biyar kacal daga filin motocinta, ta samar wa mutum 40 ko 50 wurin ajiya.

Masanin tsara birane na Jami'ar California da ke Los Angeles, Donald Shoup, ya wallafa littafi a 2005 a kan tsadar wurin ajiye mota da ake bayarwa kyauta. Jigon hujjarsa shi ne kuɗin fili da na gini ba sa ɓacewa don an ce kyauta ne, wani ne ke biya, sau da yawa ma wanda ba shi da mota. Hujjar ta fi nauyi a jami'ar Najeriya, inda masu mota 'yan tsiraru ne, galibi manyan ma'aikata. Kowace naira da aka kashe wajen faɗaɗa filin mota ta fito ne daga asusun da ya kamata ya amfani dubban ɗaliban da ke tafiya a ƙasa. Ba ana nufin a hana malami wurin ajiye motarsa ba ne. Abin da adalci ke nema shi ne a rubuta mota da bas da babur da keke da ƙafa a shafi ɗaya na kasafi, a ƙarƙashin ofishi ɗaya, a ga nawa ake kashe wa kowane mutum guda a kowane rukuni. Jami'ar Stanford ta Amurka, da hukumar yankinta ta gindaya mata sharaɗi a shekarar 2000 cewa kada faɗaɗarta ta ƙara yawan motocin da ke shigowa a lokacin cunkoso, ta gano cewa biyan ma'aikaci ɗan ihisani don ya bar motarsa a gida ya fi gina masa gurbi a benen ajiye motoci araha.

Wurin ajiya kafin hanya

Da an yi maganar keke sai hankali ya tafi ga shata masa layi a gefen titi. A harabar jami'a irin ta Dundaye, wurin ajiya ne ya kamata ya riga hanya, domin tsoron sata ya fi tsoron mota hana mutum fitowa da kekensa. Keke abu ne da ake ɗagawa da hannu ɗaya, kuma ɗalibin da mahaifinsa ya sayar da akuya ya saya masa shi ba zai jingine shi a jikin bishiya ya shiga laccar awa biyu hankali kwance ba.

Wurin ajiya mai amfani yana da sharuɗɗa kaɗan amma ba a sassauta su. Ya kasance kusa da ƙofar da mutane ke shiga, a inda ido ke gani, domin duk rumfar da aka kai bayan gini saboda kada ta ɓata kyan gaba, kango za ta zama. Ya kasance da abin da za a ɗaure jikin keken da shi. Mafi inganci shi ne bututun ƙarfe da aka lanƙwasa kamar ƙofa aka kafe ƙafafunsa biyu cikin siminti, a bar tazarar mita ɗaya tsakanin kowane biyu, kowanne ya ɗauki keke biyu. Duk mai walda a Sakkwato zai iya ƙera shi, sashen koyon injiniya ma zai iya mai da shi aikin ɗalibai. Irin maƙalin da ke riƙe tayar gaba kaɗai yana lanƙwasa taya, ɓarawo kuma ya kwance ta ya tafi da sauran. Sai inuwa, wadda a nan ba ado ba ce: daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, rana tana cinye roba, tana sa iskar taya ta kumbura har faci ya saki, sirdi kuma ya yi zafin da ba a iya zama. Rumfar kwano mai tsawo ko gindin dogon yaro ya wadatar.

A wuraren da ake daɗewa, kamar ɗakunan kwana da tashar bas, ƙarfe da kwaɗo kaɗai ba sa isa, sai da mutum. Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, ta daɗe da warware wannan: a gaban kasuwa da asibiti da makaranta akwai masu gadin kekuna da babura, su ba mai abin hawa 'yar takarda mai lamba, ya biya 'yan canji idan ya dawo. Tsarin ba ya buƙatar na'ura, kuma yana iya zama aikin yi ga matasan ƙauyukan da ke maƙwabtaka da jami'a. A haɗa shi da rajista: sashen tsaro ya rubuta lambar da ke jikin ƙarfen kowane keke da sunan mai shi, ya liƙa masa alama. Dattawa suna tuna zamanin En'e da ake yankar wa keke lasisi a ɗaura masa lamba. Bambancin shi ne wannan rajista kyauta ya kamata ta zama, don da zarar ta koma hanyar tara kuɗin shiga, ɗalibai za su guje ta.

Babbar rumfa a tashar da bas ɗin gari ke sauke fasinja ita ce mahaɗar tafiyar nan biyu. Wanda ke kwana a cikin gari ya bar kekensa a nan da yamma, da safe ya sauka daga bas ya hau. Haka mutanen Holan ke yi a tashoshin jirgin ƙasa. Rumfar kekuna ta tashar birnin Utrecht, da aka kammala a 2019, tana ɗaukar kekuna 12,500.

Hanya, gudu da inuwa

A cikin haraba, rage gudun mota ya fi fenti amfani. Inda mota da babur ba sa wuce kilomita 30 a awa, keke na iya tafiya tare da su lafiya. A kan babban titi kuwa, inda bas ke gudu, ana bukatar hanyar da aka raba da dakali ko jerin itatuwa, mai faɗin da bai gaza mita 1.5 ba a kowane hannu, idan ba haka ba masu mota za su mai da ita wurin tsayawa. Jami'ar California da ke Davis ta rufe tsakiyar harabarta ga motoci a 1967, a shekarar da garin Davis ya shata layukan keke na farko irinsu a Amurka, kuma tun daga lokacin keke ne babban abin hawan ɗalibanta. Kusa da gida, birnin Tamale na arewacin Ghana, mai zafi da ƙura irin na ƙasar Hausa, yana da hanyoyin keke a gefen manyan titunansa.

Mai tsarawa ba ya bukatar ya ƙirƙiro inda hanyoyin za su bi. Sawun ƙafa ya riga ya zana su: 'yan turbobin da ɗalibai suka yanka tsakanin gine-gine su ne tafiyar da ake yi a zahiri. Abin da ya rage shi ne a daddaɓe su da tsakuwa ko jar ƙasa, a sa kwalbati inda ruwa ke kwanciya da damina. Abokan gabar keke a wannan ƙasa biyu ne, rairayi da ke riƙe taya da ƙaya da ke huda ta, musamman tsidau, saboda haka sharar hanya aiki ne na dindindin da dole a sa shi a kasafin sashen ayyuka. A dasa itatuwa a gefen yamma don inuwar la'asar, a sa fitilu masu aiki da hasken rana, domin ɗalibin da ya fito daga karatun dare ba zai bi turba mai duhu ba komai kyanta, kuma halin tsaro a yankin bai bar wa kowa damar sakaci ba.

Mai faci ma wani ɓangare ne na tsarin. A ba masu gyara biyu ko uku rumfa a wurare sanannu, da famfon iska da kowa zai yi amfani da shi.

Wa zai hau, kuma da wane ido za a dube shi

Babban shingen yana cikin zukata. Akwai lokacin da keken Raleigh ke nuna malamin makaranta ko ma'aikacin En'e ya kama ƙasa, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Daga shekarun 1970 babur da mota suka ture shi, ya zama alamar wanda bai samu ba. Lokacin da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya riƙa hawa keke a Abuja a 2001 don jan hankalin jama'a, dariya aka fi yi masa, musamman bayan wata mota ta ture shi, domin ya kira mutane zuwa titin da ba a shirya wa keke ba. Wa'azi da gangamin rana ɗaya, ko da na 3 ga Yuni ne da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018, ba sa sauya wannan kallo. Abin da ke sauya shi shi ne ɗalibi ya ga rumfar keke ta fi filin mota kusa da ƙofa, ya ga shugaban sashensu ya iso a kan keke ya riga mai jiran kabu-kabu shiga aji. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da hukumar ƙera motoci ta ƙasa ta zaɓa a 2021 ta kafa mata tashar cajin motar lantarki mai aiki da hasken rana, ta nuna tana maraba da sabon tunani a harkar sufuri, kuma kuɗin rumfunan keke bai kai ko kusa da na irin wannan tasha ba.

Ɗalibai mata su suka fi shan wahalar tazarar, kuma su ake mantawa. 'Yan mata ƙanana da hijabinsu suna hawa keke zuwa Islamiyya a garuruwan arewa, sai su daina da sun girma. A Burkina Faso mata manya, Musulmi da Kirista, suna hawa zuwa kasuwa da ofis ba mai waiwayensu. Harabar jami'a wuri ne killatacce da wannan zai fi sauƙin farawa, in an tanadi keken mata marar sandar tsakiya, mai murfin sarƙa da ragar da ke hana zane ko abaya shiga taya, da rumfa a cikin shingen ɗakunan kwanansu. Wadda ba ta so ba za a matsa mata ba, shi ya sa bas da Keke Napep za su ci gaba da zama dole, haka ma ga masu lalurar ƙafa da masu juna biyu. 'Yan kabu-kabu kuma, waɗanda yawancinsu 'yan ƙauyukan kewaye ne, a zauna da ƙungiyarsu tun farko, a nuna musu inda cinikinsu zai ragu da inda sabon aiki zai buɗe.

Mallaka, haya da hutu

Ba kowane ɗalibi ne zai iya sayen keke lokaci ɗaya ba. Ƙungiyar adashen ma'aikata na iya sayo su da yawa, sababbi ko na gwanjo, ta bayar a biya kaɗan-kaɗan. Hayar keke kuwa tsohuwar sana'a ce a garuruwan Hausa, inda yaro ke biyan kuɗin awa ɗaya ya koyi hawa, kuma ana iya farfaɗo da ita da katin shaidar ɗalibi a matsayin jingina, ba sai an jira manhajar waya ba. Hayar zangon karatu guda ta fi ta awa dacewa, domin wanda ya san keken nasa ne har ƙarshen zango zai kula da shi.

Duk wannan yana farawa ne da ƙidaya. Kafin a kafa ƙarfe ko ɗaya, a tsayar da ɗaliban sashen nazarin ƙasa a mahaɗun hanyoyi na mako guda, su ƙirga masu ƙafa da masu keke da babura da motoci, a maimaita da sanyin hunturu, da bazara, da damina. Sakamakon ya shiga babbar taswirar jami'a, a kuma kafa ƙa'ida cewa duk sabon gini, na kuɗin asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ne ko na wani mai taimako, ba za a karɓe shi daga hannun ɗan kwangila ba sai da rumfar kekensa.

Akwai kuma batun hutu. Ɗalibin da zai koma Gidan Katta ba zai ɗora keke a kan motar haya kowane zango ba, kuɗin kaya kaɗai zai cinye ribar. Yana bukatar ɗaki mai kulle da zai bar shi da rasit a hannu. Ɗakin kuma a tsara shi da sanin cewa hutu na iya zarce yadda aka zata, kamar yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 da ya ɗauki wata takwas, don haka a rubuta a fili tsawon lokacin da za a riƙe keken da ba a zo ɗauka ba, da yadda za a nemi mai shi ta sashensu kafin a mai da shi cikin kekunan haya.